Daminar Kurkunu a Bakin Tafki

Mu a gidanmu ba a gari muke yin damina ba. Da ruwan shuka ya sauka, sai Baba ya ɗaura wa jakuna kaya, Inna ta kife tukwane cikin mangala, a jingina zana a bakin ɗakuna, mu kama hanyar tafki. Ƙauyenmu yana yamma da Tanut, a ƙasar Damargu, inda in ka leƙa rijiya sai ka hango ruwan can ƙasa kamar ƙwayar ido. Duk rani mace ba ta da aikin da ya wuce jan guga. Shi ya sa ranar tashi, ko Inna da ba ta cika fara'a ba, sai ka ji tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa a bayan jaki.

Tafkin wani kwari ne mai faɗi da ruwan jigayi yake gangarowa ya taru a ciki, ya zauna har tsakiyar sanyi sannan ya ƙafe. Gidaje kaɗan ne muke zuwa, duk 'yan ƙauyenmu. Kowa ya kafa bukkarsa a kan tudu, ƙarƙashin itatuwan bagaruwa, kowa kuma da gonarsa a kewayen ruwan. Tamu ce ta fita daban. Kakanmu ya je ya sari gona a kan wata jigawa da ke tsakiyar kwarin, wadda in ruwa ya cika sai ta koma tsibiri. An yi masa dariya a lokacin, amma shanun Fulani da raƙuman Buzaye da ke zuwa shan ruwa ba su taɓa sa baki a hatsinmu ba.

To, gona a tsibiri sai da jirgi, mu kuwa ƙasarmu ba ta da icen da za a sassaƙa ko akushi mai kyau, balle kwalekwale. Baba ne yake haɗa nasa kowace shekara. Ya saro busassun itatuwan tumfafiya, masu sauƙi kamar kara, ya jera su ya ɗaure da igiyar kaba, ya ɗaura manyan goruna a ƙarƙashi. Abin ya fi kama da gadon da ruwa ya kwaso daga gidan wani, amma kada ka kuskura ka faɗi haka a gabansa. Jirgi ne, shi kuma sarkin jirgi. Da doguwar sanda yake tura shi, a tsaye, wando a naɗe har cinya. In Inna ta hau da ƙwaryar fura, sai ya bari an kai tsakiya ya fara girgiza shi da gangan, ita tana salati tana riƙe ƙwarya, ƙanwata tana ihun dariya.

"Malam, ka ji tsoron Allah! In furar nan ta zube, kai za ka wuni da yunwa, ba ni ba."

"Ke dai riƙe da kyau. Yau sai Makka."

Ba zan yi wa tafkin nan ƙarya ba, mun ji daɗinsa. Mun ciro bado mun ci, mun kama tarwaɗa da hannu a cikin taɓo, mun yi wanka har idanunmu sun yi ja. Ruwa kuwa ga shi a bakin bukka, ka sa ƙwarya ka ɗiba, ka hure ganyen da ke kai, ka sha. Wanda bai taɓa jan guga a Damargu ba ba zai gane abin da wannan yake nufi ba.

Amma kowace damina akwai baƙon da yake binmu, shi ne kurkunu. Wanda bai san shi ba ya gode Allah. Yana farawa da ƙaiƙayi da zazzaɓi, sai wani ƙurji ya taso a ƙafa, yana zafi kamar an ɗora garwashi. In ya fashe sai ka ga kan wata farar tsutsa, siririya kamar zare, ta leƙo. Tsawonta a cikin jiki yakan kai kamu biyu. Ba a jan ta. Ana naɗe ɗan abin da ya fito a jikin tsinke, a ɗaure da tsumma, gobe a ƙara murza tsinken kaɗan, jibi a ƙara. In ta ga dama ta ba ka tsawon gaɓar yatsa, in ba ta ga dama ba ta hana. Haka za ka zauna wata guda ko fiye kana lallashin tsutsa. Kowane yaro a ƙasarmu ya san doka ɗaya tun kafin ya iya alwala: kada a tsinke ta. In ta tsinke, sauran ya koma ciki ya ruɓe, ƙafa ta tafi.

Mu a lokacin cewa muke jijiya ce, da ita aka haifi mutum, ƙanshin sabuwar ciyawa ne yake tashe ta. In zafi ya ishe ka, maganin da muka sani shi ne ka ja jiki zuwa bakin tafki ka tsoma ƙafar, sai ka ji sanyi har cikin kai. A daidai wurin kuma mata suke ɗiban ruwan sha. Sai da na yi furfura wasu ma'aikatan lafiya suka zo ƙauyenmu suka tara mu, suka ce ai in ka tsoma ƙafar, tsutsar 'ya'yanta take zubawa a ruwan, wanda ya sha kuma baɗi war haka nasa zai fito. Maganin, in ji su, a tace ruwa da ƙyalle. Ƙyalle! Duk shekarun nan Inna tana da ɗankwali a kanta. Ranar ban iya zama har ƙarshen taron ba, tashi na yi na tafi bayan gari, don na san in na buɗe baki zan zagi wanda bai yi mini komai ba.

Shekarar da nake son ba da labarinta, ba a daɗe da Faransawa suka sauka daga mulki ba. Ina saurayi, gemu bai fito ba, amma ina noma kafaɗa da kafaɗa da Baba. Ruwa ya zo da kyau. Muka yi shuka a tsibiri, hatsi ya tsiro layi-layi har Baba yana tsayawa a kan jirgi yana kallonsa yana murmushi shi kaɗai. Rumbunmu a gida kuwa ya kusa kai ƙasa, don shekarar da ta wuce ba ta yi albarka ba. Abin da ke tsibirin nan shi ne abincinmu na shekara, babu wani.

Ana shirin noman fari sai nawa kurkunun ya fito, biyu a idon sawun dama, ɗaya a ƙwauri. Bayan kwana kaɗan na Baba ya fito, ɗaya a ƙafar hagu, ɗaya kuma a mugun wuri, gefen gwiwar dama. Inna ma ta samu ɗaya a diddige, sai dai ita mace ce, ba wanda ya ba ta izinin kwanciya. Ƙanwata kaɗai ta tsira, ita kuma ba ta fi tsawon turmi da taɓarya ba.

Hauyarmu ta Damargu ba irin ta kudu ba ce da ake duƙawa. Doguwar ƙota gare ta, ta fi mutum tsawo, a tsaye ake tura ta cikin rairayi ana tafiya. Wanda ba shi da ƙafa ba shi da noma. Hatsi kuwa tare yake tsirowa da ƙarangiya, ita kuma ta fi shi sauri. In aka makara da noman fari, ta rufe shi, ya yi ja, ya tsaya nan ko da ruwan duniya zai sauka a kansa.

A wata shekarar da sai a yi gayya, maƙwabta su zo su nome maka ka dama musu fura. Wannan shekarar duk tudun ya zama kamar gidan kutare. Ko'ina ka duba namiji ne kwance a inuwa, ƙafa a miƙe, tsinke ɗaure da tsumma, ƙuda suna bi. Wanda ya fi kowa lafiya shi ne mai dogara sanda. Baba ya aika gari a nemo ko mutum biyu, ɗan aiken ya dawo ya ce can ma haka ne.

Aka shimfiɗa mana tabarma ɗaya ni da Baba a ƙarƙashin bagaruwa, fuskarmu tana kallon tsibiri. Ban san wanda ya zaɓi wurin ba, amma bai kyauta ba. Tun safe har yamma gonar tana gabanmu. Da farko muna ganin layukan hatsi da farin rairayi a tsakaninsu. Sannan rairayin ya fara yin kore-kore. Sannan layukan suka fara ɓacewa.

Baba, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai kirki, amma ba a halicce shi don zama ba. Ko a masallaci shi ne farkon miƙewa. Zuciya gare shi, ni ma na gaje ta, saboda haka tabarmar nan ta ga abin da ta gani. Ya ce ina motsi ina taɓa masa ƙafa, na ce ai tabarmar ce ƙarama. Ya ce in yi masa shiru, alhali shi ya fara magana. Wata rana ya jefi akuya da butar alwala don kawai ta wuce a gabansa da ƙafa huɗu lafiyayyu.

Inna ce take murza mana tsinke kowace safiya. Takan jiƙa wurin da ruwan ɗumi, ta shafa man shanu, ta kama tsinken da yatsu biyu ta juya a hankali har ta ji tsutsar ta ƙi, sai ta tsaya. Ni ɗan fari ne, don haka tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma taɓa zama kusa da ni a gaban mutane ba. Kurkunu ne ya sa na san hannun uwata. Tana yi tana kallon gefe, tana cewa, "Kai wannan, miƙe ƙafar." In na yi nishi sai ta ce, "Ba a gama ba." Ko sannu ba ta cewa.

In ta gama da mu, ta yi daka ta dama fura, sai ta ɗauki hauyar Baba ta hau jirgi ita da ƙanwata. Ba ta iya tura shi ba. Muna kallo yana juyawa da su a tsakiyar ruwa kamar faifai, Baba yana daga kwance yana ihu, "Ta hagu! Ke, na ce ta hagu!" In sun isa, ta yi ɗan abin da za ta iya tana ɗingishi, rana ta take, ta dawo ta ɗora tukunya. Abin da take nomewa a wuni, ruwan dare ɗaya ya maido da rabinsa.

Akwai wani tsohon wanzami a tudun, shi ma da nasa a ƙafa, yana zagayawa da sanda yana duba mutane. Ya zo ya zauna wajen Baba, ya dubi na ƙafar hagu ya ce wannan ya kusa. Da gaske kuwa, bayan kwana biyu ya fita gaba ɗaya. Saura na gwiwa. Tsinken ya yi kauri da naɗi, Baba kullum yana auna shi da ido.

"Sarkin aska, wannan saura nawa?"

Tsohon ya latsa gefen gwiwar, ya bi da yatsa har cinya. "Da saura. Bai fi taƙi ɗaya ba a ganina, amma wurin ba shi da kyau. Ka ba shi kamar mako biyu."

"Mako biyu? Ka dubi gonar can."

"Na gan ta. Tawa ma haka take. Hatsi ana sake shuka shi baɗi, gwiwa ba a sakewa."

"Baɗin da me za mu kai?"

Tsohon ya dogara sandarsa ya miƙe. Ya ce wa Inna, "Ki sa masa ido," kamar ana sa wa irin Baba ido.

Washegari da hantsi Inna ta gama murza nawa, ta tafi ɗebo ruwan ɗumi don na Baba. An yi ruwa da asuba, gari ya yi fes, tsibirin kuwa ya zama kore shar daga wannan baki zuwa wancan, ba ka ce an taɓa shuka wani abu a wurin ba. Na ga Baba ya kwance tsumman da kansa. Ya kama tsinken ya murza, tsutsar ta ba shi kaɗan. Ya ƙara, ta ba shi. Sai ta tsaya, ta miƙe kamar tsirkiya.

Na ce, "Baba, ta ƙi. A bari Inna ta zo."

"Taƙi ɗaya ne."

"Baba, don Allah."

Bai ko dube ni ba. Ya cije leɓe ya ja. Ba ta yi wata ƙara ba. Na dai ga tsinken a hannunsa da ɗan guntun zare yana lilo, na ga ɗaya bakin ya shige cikin ramin ƙurjin a hankali har ya ɓace.

Inna ta iso da ƙwarya ta tsaya. Ta dubi tsinken, ta dubi gwiwar. Ta ajiye ƙwaryar a hankali don kada ruwan ya zube, sannan ta ce, "Malam, me ka yi mana?"

"Ya fita duka," in ji shi. Ya jefar da tsinken cikin ciyawa. "Miƙo mini hauya."

Duk mu ukun mun san bai fita ba. Ya ɗaure gwiwar tam da rawaninsa, ya dafa icen bagaruwa ya miƙe, ya taka. Ya sake takawa. Ya hau jirginsa ya tura shi a tsaye, kai tsaye ba juyi, har tsibiri. Ina kwance ina kallonsa, ina jin haushinsa kamar in mutu, kuma, Allah ya sani, ina jin daɗin ganin farin rairayi yana buɗewa a bayansa.

Ranar ya yi noma har rana ta faɗi. Washegari ma haka, ko fura a can aka kai masa. Ban taɓa ganin mutum ɗaya ya ci gona irin na kwanakin nan ba. Daga inda nake ina ganin layukan hatsi suna dawowa ɗaya bayan ɗaya daga bakin gabas. A rana ta uku ya fara tsayawa yana jingina da ƙota. Da azahar na ga ya zauna a ƙasa, abin da Baba bai taɓa yi a gona ba. Inna ce ta roƙi wani maƙwabci mai ƙafa ɗaya lafiyayya, suka bi ta cikin ruwa har wuya suna riƙe da gora, tunda jirgin yana can wurinsa, suka ɗoro shi a jirgi.

Da aka kwance rawanin, gwiwar ta kai girman tulu ƙarami, tana sheƙi, ba a iya taɓa ta. Zazzaɓi ya rufe shi har yana kiran sunayen mutanen da suka daɗe da mutuwa. Aka yi maganar kai shi likita a Tanut, amma tafiyar wuni ce a kan jaki kafin a kai hanyar da kamyo, wato babbar mota, yake bi, shi kuwa ko tabarmar aka ja sai ya suma. Wanzamin ya zo ya tsaga wurin. Ba zan faɗi abin da ya fito ba. Ƙanwata ta gudu bayan bukka, warin kuma ya zauna a tudun kwana da kwanaki. Tsohon bai ce "na faɗa maka" ba ko sau ɗaya, kullum dai yana zuwa da sandarsa ya wanke ya sa magani.

Baba bai mutu ba. Sai da ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, sannan zazzaɓin ya sauka, ciwon ya fara haɗewa. Amma gwiwar ta haɗe a lanƙwashe, diddige bai kai ƙasa ba. Aka ja, aka gasa, aka shafa kitsen jimina da wani Buzu ya kawo. Ta ƙi, kamar an ɗaure ta da ƙarfe.

Nawa sun fita ɗaya bayan ɗaya, a lokacin da suka ga dama. Da na iya tsayawa na shiga gonar, amma lokaci ya wuce. Na nome ƙarangiyar da ta kai mini ƙugu, na tarar da hatsin a ƙarƙashinta ja, siriri, bai fi tsawon hannu ba. Na yi maimai a wurin da Baba ya nome, shi ke nan abin da ya rage a yi.

Da kaka ta yi, ranar da za mu fara yanka, Baba ya ce a kai shi ya gani. Inna ta ce me zai gani, ya ce gonarsa ce. Na goya shi zuwa bakin ruwa, na tura jirgin, yana zaune yana riƙe da ƙafar da hannu biyu, bai ce mini ta hagu ko ta dama ba. Na sake goya shi na hau jigawar na zaunar da shi.

Daga bakin gabas hatsi ya fi ni tsawo, zangarniya ta cika ta sunkuya. Bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na gonar ba. Sai kuma ya yanke, a miƙe, daidai inda hauyarsa ta tsaya ranar da ya zauna. Daga nan har ƙarshen tsibiri busasshiyar ciyawa ce da 'yan karare marasa kai. Abin da muka yanka a wannan gefen shi ya riƙe mu har ƙarshen sanyi, daga nan muka shiga cin ganyen itatuwa irin su jiga kamar kowa. Babu wanda ya mutu a gidanmu shekarar, akwai gidajen da aka mutu.

Ya daɗe yana kallo. Ina tsaye a bayansa ina jiran ya ce ya yi kuskure, ko ya ce bai yi ba, don ni kaina na rasa wanne ne, har yau kuma ban sani ba. Sai ya ɗaga hannu ya nuna wata tumfafiya da ke tsaye can cikin ciyawar.

"Da ta ƙara mini wuni ɗaya, da na kai wancan icen."

Na juya baya don kada ya ga fuskata. Lokacin bai kai shekara hamsin ba, kuma bai sake riƙe hauya ba har ya bar duniya. Ya ce in miƙo masa lauje da 'yan zangarniyu, ya zauna nan a ƙasa yana gyara su yana jerawa, mu kuma muka shiga yanka.